Daga Samariya zuwa Sikawut: Wa ke riƙe da samarinmu bayan an tashi lakwal?

A makon da muka raba wa yara sakamakon ƙarshen shekara, wani maƙwabcina mai sayar da hatsi ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, da takarda a hannunsa. Ɗansa mai shekara 14 ne ya kawo masa ita, wai ya sa hannu a bar shi ya bi ƴan sikawut zangon kwana biyar a cikin hutu. Ya miƙo mini, ya ce: "Mushe, kai ka yi boko, duba mini. Soja za su mai da shi, ko addininsa za su taɓa?"

Na ce ya ba ni kwana biyu. Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma na san ba shi kaɗai ke yin ta a nan Gure ba. Amsar da na ba shi gajera ce. Wannan rubutu shi ne doguwar, domin iyaye da ƴan uwana malamai. Waiwaye adon tafiya ne, sai mun san inda abin ya fito kafin mu ce a shiga ko kada a shiga.

Mu fara da gida. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan, garuruwan Hausa ba su bar samari sakaka ba. Akwai samariya, akwai sarkin samari, da muƙarrabansa masu sarautu irin na fada. In za a yi gayya a gonar wani dattijo, ko a yashe rijiya, ko a gyara maƙabarta, ko a tari baƙi, sarkin samari ake kira, shi kuma ya sa a buga ganga. Wanda ya ƙi fitowa akwai tararsa, kuma kunyar da zai sha a dandali ta fi tarar ciwo. A nan yaro ke koyon bin na gaba, da jan na baya, da cika alkawari. Ba wanda ya rubuta wannan tsari a littafi, amma ya yi aiki shekaru aru-aru. Saboda haka tara samari a ba su shugaba da aiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Shi kuwa sikawut, ko sukut kamar yadda bakinmu ya saba, asalinsa Ingila ne, kuma wanda ya kafa shi soja ne na mulkin mallaka. Ba abin ɓoyewa ba ne. Sunansa Robert Baden-Powell, an haife shi a 1857. Yana cikin rundunar Ingila da ta shiga Kumasi a 1896 ta kama Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya. A 1899, shekarar da Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, shi yana can Afirka ta Kudu, an yi masa ƙawanya a wani gari mai suna Mafeking. Kwana 217 aka yi ana tsare da garin. Da maza suka yi ƙaranci, sai aka tara yaran garin aka ba su aikin kai saƙo, wasu a ƙafa wasu a kan keke. Abin da ya gani ke nan ya tsaya masa a rai: yaro in an ba shi amana ta gaske, yana riƙewa fiye da yadda manya ke zato.

A watan Agusta na 1907 ya kwashi yara kimanin 20, ƴaƴan masu hali da ƴaƴan talakawa, ya kai su tsibirin Brownsea suka yi zango na kwanaki. Ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran. A 1908 ya fitar da littafin da ya bayyana tsarin, kuma kafin a ce me, yara sun fara haɗa rukunoni da kansu a unguwanni. A 1920 aka yi babban taron ƴan sikawut na duniya na farko a Landan. Shi kansa a Afirka ya ƙare rayuwarsa, ya mutu a Nyeri ta ƙasar Kenya a 1941. Yau ƙungiyar tana da mambobi fiye da miliyan 50 a ƙasashe sama da 170, kuma ofishinta na Afirka yana Nairobi.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun samu sikawut tun 1915, ta hannun Ingilishi. Mu kuwa ta Faransa ya biyo, kuma a can ya riga ya rabu gida-gida. A 1911 aka kafa ƙungiyar da ba ruwanta da coci, da kuma ta ƴan Furotesta. A 1920 aka kafa ta Katolika. Da abin ya ƙetaro ƙasashen da Faransa ke mulka, sai ya zo da wannan rabuwa: wani a makarantun gwamnati, wani a inuwar mishan. A Nijar, 1947 ake lissafawa a matsayin shekarar farawa, kuma a lokacin ƴan boko ƙalilan ne, a manyan garuruwa. To, ka ga inda tsoron maƙwabcina ya samo asali. Kakanninmu sun ga kaki irin na soja, sun ga wasu rukunoni a harabar mishan, suka haɗa biyu da biyu. Ba su yi wauta ba. Sun faɗi abin da idonsu ya gani a zamaninsu.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. A Aljeriya, wani mutum mai suna Muhammad Buras ya kafa rukunin sikawut na Musulmi a 1935. Yara suna koyon ɗaurin igiya da agajin gaggawa, suna kuma salla da karatun Larabci da son ƙasarsu. Faransawa suka harbe shi a 1941. A ranar 8 ga Mayu 1945, a garin Setif, ƴan sikawut ne a sahun gaba na jerin gwanon da aka yi, kuma saurayin da aka fara harbewa saboda ya ɗaga tutar Aljeriya, Buzid Sa'al, ɗan sikawut ne. Abin da mai mulkin mallaka ya ƙirƙira, shi waɗanda aka mallaka suka ɗauka suka yi tarbiyyar masu neman ƴanci da shi. Yau ƙasar da ta fi kowace yawan ƴan sikawut a duniya ita ce Indunusiya, wadda kuma ta fi kowace yawan Musulmi. Ashe tsarin kamar ƙwarya yake, abin da aka zuba a ciki shi za a sha.

Wannan magana tana da baya mai ɗaci, don ƙwarya tana ɗaukar fura, tana ɗaukar guba. A Italiya, Mussolini ya kafa ƙungiyar yara ta jam'iyyarsa a 1926, sannan ya rushe sikawut. A Jamus, Hitler ya yi haka bayan ya hau mulki a 1933. Sun bar kakin, da zangon, da waƙoƙin, suka cire alkawarin taimakon kowa suka sa biyayya ga mutum ɗaya. A Afirka ma, bayan ƴancin kai, shugabanni da dama sun kafa ƙungiyoyin matasa na jam'iyya, kamar yadda Nkrumah ya yi a Gana a 1960. Duk mai son mulki ya san darajar yaro ɗan shekara 15 da ke sanye da kaki yana jiran umarni.

Mu ma mun ga namu. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya rushe jam'iyya da majalisa, sai ya nemi hanyar da zai kai ga talakawa ba tare da ƴan siyasa ba. Ya ɗauko tsohuwar samariya ya kakkaɓe ta, ya ba ta tsari tun daga unguwa da ƙauye har zuwa Yamai. Ita da ƙungiyoyin manoma su ne ginshiƙai biyu na tsarin raya ƙasa da ya shimfiɗa. Ni ƙarshen abin na tarar ina yaro, amma ina tuna yayyenmu suna fita da sassafe da tsintsiya da shebur, ana kiɗa. Samariya ta gina azuzuwa da tubalin ƙasa, ta share tituna, ta dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta, ta yi wasannin kwaikwayo da gasar waƙa. A zamanin ne aka fara gasar kokawa ta ƙasa, a Tawa, a 1975. Duk wanda ya girma a lokacin zai gaya maka saurayi yana da wurin zuwa, yana da abin yi, kuma akwai wanda zai tambaye shi in bai zo ba.

Amma mu faɗi gaskiya duka. Samariyar Kunce ba ta gari ba ce kamar ta kakanni, ta gwamnati ce. Ita ke jeruwa a rana tana tafi in babban baƙo zai zo, kuma mutane sun san ana iya jin maganarsu ta bakinta. Da Kunce ya rasu a watan Nuwamba 1987, aka shigar da tsarin cikin jam'iyya ɗaya tilo a 1989, sannan Babban Taron Ƙasa na 1991 ya zo ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Samariya ta bushe kamar reshen da aka sare, don saiwarta ba a unguwa take ba, tana hannun hukuma. Darasin da na ɗauka shi ne, ƙungiyar yara da ta dogara da mai mulki tana mutuwa ranar da ya sauka.

Me ya maye gurbinta? Abu uku. Na farko, fada: tabarma, butar shayi, rediyo, yanzu kuma waya. Fada ba laifi ba ce, na zauna a cikinta, kuma na san waɗanda suke tara kuɗin magani in ɗayansu ya kwanta, suke gadin unguwa da dare. Sai dai ba babba a cikinta, ba kuma tsarin koyar da komai. A birnin Damagaram mun ga yadda wasu suka rikiɗe suka zama abin da ake kira fale, masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa da unguwa. Aisha Maki, ƴar garin, ta nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta na 2021, kuma wanda ya kalla da idon uba zai ga yara ne da suka rasa mai kiran su aiki. Na biyu, ƴan agaji na ƙungiyoyin addini, masu kaki da fareti, masu tsare sahu a wa'azi da Idi. Na uku, sikawut, wanda ya samu sarari bayan 1991, har ƙungiyar ƴan sikawut ta Nijar ta samu shiga ƙungiyar duniya a 1996.

Yanzu mu dubi inda muke. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Babban hutu wata uku ne, kuma yaron cikin gari ba kullum yake da gonar da za ta cinye ƙarfinsa ba. Gure tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Difa, kuma tun harin da aka kai Difa da Boso a watan Fabrairu 2015 mun san akwai masu farautar samari da wa'azin ƙarya da alkawarin babur. Tun 2014 kuma zinariyar Jado ta ja yara da yawa arewa. Ina da ɗalibai da na koya wa karatu da hannuna waɗanda suka bar aji suka bi mota, wasu sun dawo, wasu har yau iyayensu na jiran waya. Saboda haka uban da ya ce ɗansa ba zai shiga komai ba, bai tsare shi ba. Yaro mai shekara 14 sai ya shiga wani rukuni, ko da saninka ko ba da saninka ba. Mu mutanen ƙasar kanwa mun fi kowa sanin cewa zama da maɗaukinta shi ke kawo farin kai.

To mene ne sikawut na gaskiya yake yi? Ana raba yara ƙananan rukunoni na mutum 6 zuwa 8, kowane da shugaba daga cikinsu. Su ke raba aiki: wannan ruwa, wannan itace, wannan girki, wannan akwatin magani. Babba yana gefe yana lura, ba ya yi musu. Yaro yana ɗaukar alkawari a gaban ƴan uwansa cewa zai sauke haƙƙin Allah da na ƙasarsa, zai taimaki mutane, zai kiyaye dokar ƙungiya, wadda ta ƙunshi gaskiya, riƙon amana, ladabi, tattali da tausayin dabbobi. Ana so kullum ya yi wa wani alheri ko da ɗaya ne, ba don lada daga mutum ba. Yana koyon tsai da jini, ɗaure karaya, gane gabas da yamma, kafa tanti, kashe gobara. Ba bindiga a ciki, kuma ƙa'idar ƙungiyar ta hana ta zama reshen wata jam'iyya. Ba ta da addinin kanta, tana neman kowane yaro ya riƙe nasa da kyau. A garin da rairayi ke cin gonaki da kwaruruka, rukunin yara 30 da suka iya kafa shingen tsare tudu da renon dashe ba ƙaramar dukiya ba ce.

Wannan shi ne a takarda. A ƙasa kuwa, komai ya dogara ga mutumin da ke riƙe da yaran, kuma a nan nake so iyaye su buɗe ido. A Amurka, ƙungiyar sikawut ta yara maza, wadda ta haura shekara 100, ta je kotu a watan Fabrairu 2020 ta ce ta karye, saboda ƙarar lalata da yara. Mutum fiye da 80,000 suka shigar da kokensu, aka ware sama da dala biliyan 2 don biyan diyya. Yawancin abin ya faru ne shekaru da yawa baya, lokacin da iyaye ke ganin kaki su saki jiki, shugabanni kuma suna rufa wa juna asiri don kare sunan ƙungiya. Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne. Duk inda babba ke keɓewa da yara, makarantar boko ce, ta allo ce, filin ƙwallo ne, ko shagon koyon sana'a, mai mugun nufi yana neman wurin. Kunyarmu ta hana yaro namiji faɗa, shi ya sa ba ma ji.

Ba mugunta kaɗai ke cutar da yara ba, har da ganganci, kuma a nan kaina zan fara kamawa. A shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wani ƙauye, na kwashi ɗalibai sama da 20 muka tafi yanko kirare don shinge, ni kaɗai ne babba, da jarka ɗaya ta ruwa, a watan Mayu. Kafin azahar ruwa ya ƙare, wani yaro ya yanke jiki ya faɗi. In na ɗauke shi na bar sauran a daji, in na tsaya yana iya mutuwa a hannuna. Allah Ya kawo wani mai amalanke. Yaron ya tashi, yau magidanci ne, amma ban manta idon mahaifiyarsa ba. Niyyata mai kyau ce, shirina ne babu. Tun ranar ba na fita da yara sai da babba na biyu.

Saboda haka ga abin da na gaya wa maƙwabcina ya tambaya kafin ya sa hannu, kuma ya shafi kowace ƙungiya, sikawut ce, ta agaji ce, ko ta ƙwallo.

Na ɗaya, rukunin na wane ne? Dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta wajabta wa ƙungiya samun izinin hukuma. A nuna maka takarda, a gaya maka reshen wace uwar ƙungiya ce, kuma daraktan makaranta da mai unguwa su san da ita. Kaki a kasuwa ake ɗinka shi.

Na biyu, su wa za su kwana da yaran? Ka san sunansu, gidansu da sana'arsu. Manya su kasance aƙalla biyu a kowane lokaci, kada babba ya kwana tanti ɗaya da yaro, kada ya keɓe da shi inda ba a gani.

Na uku, ina ne zangon, kuma hukuma ta san da shi? A halin tsaron da muke ciki, wurin da ba waya, ba mota, ba likita kusa, ba wurin kai yara ba ne. Ka tambayi ruwa, abinci, gidan sauro da maganin zazzaɓi, tunda damina ce.

Na huɗu, salla fa? A nuna maka lokacinta a jadawali, da wanda ke jan ta. In akwai yaran da ba Musulmi ba, su ma a ba su haƙƙinsu.

Na biyar, kuɗi nawa, kuma na me? Rukunin kirki ba ya korar yaro don ba shi da kaki, ɗan ƙyallen wuya ya isa.

Na shida, kana iya zuwa ba tare da sanarwa ba? Duk inda aka ce iyaye ba sa shiga, ko aka ce wa yaro kada ya faɗa a gida, ka janye ɗanka a ranar. Haka in ka ga ana dukan yara da sunan horo, ko ana kai su tarbar ɗan siyasa.

Na bakwai ya rage gare ka. In ya dawo, ka zauna da shi ka ji labari, ba da tsawa ba. Ka gaya masa tun kafin ya tafi cewa duk wanda ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, ko wane ne, ya faɗa maka, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Yaron da ya san ubansa zai saurare shi ya fi wuyar cuta.

Mu malamai kuma, kada mu tsaya sharhi a inuwa. Rukunonin nan suna neman manya masu amana, kuma in mutanen kirki suka ƙi, wasu za su karɓa. Wanda ya iya riƙe aji mai yara 70 zai iya ba da yammacin Asabar ɗaya.

Maƙwabcina ya je da tambayoyinsa. Ya dawo ya ce an amsa masa shida, amma a kan masu kwana da yaran an ce mutum ɗaya ne, na biyun bai tabbata ba. Ya ce musu ɗansa ba zai je ba sai an samu na biyu. Da suka rasa, sai suka ce ko shi zai zo? Ya bar wa ƙanensa rumfar hatsi, ya ɗauki tabarma da buta ya bi su. Ya dawo yana ƙorafin ciwon baya da tuwon da yara suka ƙona, amma ya ce a kwana biyar ɗin nan ya ga ɗansa yana raba wa mutum bakwai aiki suna bi, abin da bai taɓa sanin yaron zai iya ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa su da abokai na gari.